Hanyar Ƙauyenku a Taswirar Waya: Ta Gari Ce Ko Ta Gona?

  Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da 'yan uwa na Kebbe da Kuchi da Margai da Ungushi. Gaisuwa ta musamman ga direbobin tasha da 'yan kabu-kabu da ma'aikatan lafiya da ke shiga ƙauyuka, domin zancen yau naku ne kafin ya zama na kowa.

Zancen taswira za mu yi, wadda ke cikin waya. Akwai wata taswirar duniya da ba gwamnati ce ta zana ta ba, ba kuma kamfani ba. Sunanta OpenStreetMap. Wani mutumin Ingila mai suna Steve Coast ne ya kafa ta a 2004, bisa tsarin cewa duk wanda ya buɗe asusu kyauta yana iya ƙara hanya, ya sa sunan gari, ko ya gyara kuskuren da ya gani. Taswirar da Facebook ke nunawa da ita aka gina ta. Ƙungiyoyin agaji da ita suke aiki. Akwai kuma manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps, waɗanda idan ka sauke taswirar yankinku sau ɗaya za su ci gaba da nuna maka hanya ko babu sabis. Duk wanda ya taɓa barin kwalta ya nausa cikin ƙauyukan Kebbe ya san darajar wannan.

To ta yaya hanyoyinmu suka shiga ciki? Da yawansu mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Sakkwato ba ne suka zana su. Mutum yana zaune a Jamus ko Indiya ko Legas, ya buɗe hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauka daga sama, ya ga wani farin layi ya ratsa gonaki, sai ya bi shi da zane. Wannan aikin sa kai ya yi ƙarfi ne bayan girgizar ƙasar Haiti a watan Janairun 2010, lokacin da masu sa kai suka zana babban birnin ƙasar cikin 'yan kwanaki don masu ceto. Daga nan ƙungiyar masu zana taswira don agaji da ake kira HOT ta samo asali. An sake yin irinsa a 2014 lokacin annobar Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo, kuma a shekarar ne ƙungiyar agaji ta Red Cross da ƙungiyar likitoci ta MSF suka haɗu da HOT suka kafa shirin Missing Maps don zana wuraren da taswira ta manta da su. Sun yi aikin alheri, Allah ya saka musu. Amma layi kaɗai ba ya gaya wa direba komai.

Abin da ke sa layi ya yi magana shi ne alamun da ake liƙa masa. Ku ɗauke shi kamar buhun da ake ba direba saƙo a tasha: buhu buhu ne, rubutun da ke jikinsa shi ke faɗin na wane ne da inda za a sauke shi. Kowace alama a wannan taswira tambaya ce da amsarta. Wace irin hanya ce? Me aka shimfiɗa a kanta? Mene ne sunanta? Akwai gada? Ban da suna, amsoshin da Turanci ake rubuta su, kuma kalmomi ne ƙididdigaggu da masu taswira na duniya suka yi ittifaƙi a kansu, don kwamfuta ta fahimce su iri ɗaya a ko'ina. Saboda haka zan ambaci kaɗan daga cikinsu yadda suke, ku yi haƙuri da ni.

Tambaya ta farko ita ce matsayin hanya, kuma hawa-hawa ne. Babbar hanyar tarayya da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari da Dogon Daji, ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega, wato A1, tana cikin babban ajin da ake kira trunk. Ƙasa da ita akwai primary da secondary, masu haɗa manyan garuruwa. Sai tertiary, mai haɗa ƙananan garuruwa da manyan ƙauyuka. Sai wadda ake kira unclassified, ƙaramar hanyar jama'a da ke haɗa ƙauye da ƙauye, ko ƙauye da titi. Sunan yana ruɗa sababbin shiga, har su ɗauka ana nufin hanyar da ba a san irinta ba. A'a, aji ne mai zaman kansa. Layukan cikin unguwa su ne residential. Daga nan sai track, hanyar da ba ta zuwa gari, aikinta kai mutum gona ko daji ko fadama. Sai path, 'yar siririyar hanya da mota ba ta iya shiga, ta ƙafa da babur da jaki.

Ku riƙe biyu daga ciki, unclassified da track, domin a tsakaninsu ne ake yi wa ƙauyukanmu ɓarna ba da gangan ba.

A Turai kusan duk hanyar da ke zuwa inda mutane suke zaune tana da kwalta. Wadda ba ta da kwalta, galibi ta gona ce ko ta cikin kurmi. Mutumin da ya tashi a can, in ya ga jan layi a hoto babu kwalta, hannunsa da kansa zai danna track. Alhali wannan jan layin shi ne hanya ɗaya tilo ta wani ƙauye mai masallacin Juma'a da firamare da ɗakin shan magani. Ta nan motar kasuwa ke shiga, ta nan ake fitar da shinkafa da albasa da gero, ta nan ake ɗauko mai naƙuda. Da danna guda ɗaya an mayar da ita hanyar gona.

Masu taswira sun gane wannan matsala, har suka rubuta ƙa'ida ta musamman ga nahiyarmu, wadda suka sa wa suna Highway Tag Africa. Tushenta ɗaya ne: ana ba hanya matsayi bisa aikin da take yi wa jama'a, ba bisa kyawunta ba. In tana haɗa gari da gari, matsayinta yana nan ko da yashi ne tun daga farko har ƙarshe. Rashin kwalta zance ne dabam, kuma yana da tasa alamar. Ni dai ina ganin wannan ita ce ƙa'ida mafi muhimmanci a duk sha'anin, kuma ita ce aka fi karyawa.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Mu da muka san hanyarmu, ina ruwanmu da abin da waya ta ce? Ruwanmu yana wurin baƙon da ake turo mana. Manhajojin da ke nuna wa mota hanya da yawansu suna guje wa track, wasu ma ba sa bin ta sam. Direban da ya ɗauko magani ko taki ko gidan sauro, wanda bai san yankin ba, wayarsa za ta ce masa babu hanyar mota zuwa wurin, ko ta zagaya da shi ta inda bai kamata ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan nisa. A 2018 masu bincike na Jami'ar Oxford da abokan aikinsu sun fitar da taswirar da ke nuna tsawon lokacin da mutum zai ɗauka daga kowane wuri a duniya kafin ya isa birni, a 2020 kuma aka fitar da irinta game da isa asibiti. Hanyoyin OpenStreetMap suna cikin abin da suka yi lissafi da shi, kuma a irin wannan lissafi kowane ajin hanya ana ba shi nasa gudun. In an rage wa hanyarku matsayi, lissafi ya karkace. In kuma an kambama ta, an nuna ta kamar titi mai kyau alhali tana yankewa duk damina, sai a ɗauka kuna kusa da asibiti, a kai sabon ɗakin magani wani wuri. Ƙari da ragi duka cuta ne a nan.

Shi ya sa tambaya ta biyu take da nauyi: me ke shimfiɗe a ƙasa? Alamar ana kiranta surface. Kwalta ita ce asphalt. Burjin da aka zuba jar ƙasa aka daddale akwai amsarsa, tsakuwa akwai tata, yashi akwai tasa, ƙasa zalla akwai tata. Wanda bai tabbata ba yana iya cewa unpaved, wato ba kwalta, ya bar na bayansa ya ƙarasa. Sannan akwai wata alama mai suna smoothness da ke faɗin lafiyar hanyar, mataki takwas, tun daga sumul har zuwa wadda ba abin hawan da zai iya bi. Da ita ake bambanta kwaltar da ta farfashe ta zama ramuka da burjin da aka gyara bana. Kowane direba ya san wani burjin ya fi wata kwaltar daɗin tuƙi, kuma taswira tana da inda za a rubuta hakan.

Yanzu mu zo kan damina, inda hoto daga sama ya fi yin ƙarya.

Hotunan da ake zane da su, masu haske ne ake zaɓa, waɗanda gajimare bai rufe ba. Ma'ana yawancinsu hotunan rani ne. Mai zane yana ganin ƙasarmu a watan Fabrairu ko Maris, ƙasa ta bushe, fadama ta tsage, rafi ya zama farin yashi. Bai san yadda wurin yake komawa a watan Agusta ba. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, da ƙoramun da ke zuba cikinsa, su ke yanke hukuncin wace hanya za a bi da wadda za a haƙura da ita tsawon watanni. Hanyar da ta tsallaka rafi a hoton rani tana iya zama gada ce, ko kwalbati, ko kuwa mashigi ne kawai da ake ratsawa in ruwa ya janye. Ukun nan kowanne da alamarsa: gada bridge, mashigi ford, kwalbati kuma ana nuna shi a jikin layin ruwan da ya bi ta ƙarƙashin hanya. In wuri ne da ake haye da kwale-kwale, shi ma akwai yadda ake zana layinsa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Akwai alamar da ke cewa hanya ta rani ce kawai, akwai wadda ke cewa ruwa yakan shanye ta, har ma ana iya rubuta watannin da mota ba ta wucewa. Duk an tanadi wuraren rubuta waɗannan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai cike su, domin ba wanda zai iya sai wanda ya taɓa tsayawa bakin mashigin yana jiran ruwa ya sauka.

Akwai abubuwa biyu kuma da ke yaudarar mai kallo daga sama. Na farko busasshen rafi: fari ne, dogo, mai lanƙwasa, har da sawun amalanke a ciki, sai a zana shi a matsayin hanya. Na biyu burtali. Daga sama burtali yana da faɗi, an shata shi tsakanin gonaki, ya fi wasu hanyoyin mota fitowa fili. Amma hanyar shanu ce. In aka sa masa alamar hanyar mota, an tura direba cikin wahala, an kuma shafe shaidar cewa wurin na dabbobi ne, a ƙasar da toshe burtali ya sha haddasa rigima tsakanin manomi da makiyayi. Wanda ya san burtali ne, ya ba shi ƙaramin aji gwargwadon abin da ke iya binsa, ya kuma rubuta a filin bayani cewa burtali ne. Tun 2019 kamfanin Facebook ya fitar da na'urar da ke hango hanyoyi a hoto ta miƙa wa masu zane su tantance. Tana da saurin gani, amma layi take gani, ba ta san ko shanu ke bi ko motar kasuwa ba.

Wani ɗan ƙaramin abu mai babban sakamako: dole layin hanyar ƙauye ya haɗu da layin titi a ɗigo guda. In ya tsaya kusa da shi bai taɓa ba, ido zai ga kamar sun haɗu, amma kwamfuta za ta ce babu mashiga.

Batun suna ba zan daɗe a kansa ba. Ƙa'idar ita ce a rubuta abin da ke ƙasa, sunan da ke kan allo ko wanda mutanen wurin ke kira. Lambar hanya, kamar A1, tana da nata gurbin dabam da na suna. Akwai gurbin sunan Hausa, inda za a rubuta Sakkwato kusa da Sokoto, akwai kuma na wani rubutun sunan, don wanda ya nemi Tambawal ya samu Tambuwal. Hanyar da ba ta da suna a bar ta haka, kada a ƙirƙira mata, kada kuma a raɗa mata sunan maigida ko na ɗan siyasa don neman fada. Haramun ne a tsarin wannan taswira a kwafo daga Google Maps ko wata taswirar da ke da haƙƙin mallaka. In aka gano, goge aikin ake yi.

Sai sufuri, wato motocin haya. A nan ma tsarin alamun an gina shi ne a kan bas ɗin Turai, mai lamba, mai tsayawa a wurare sanannu, mai tashi ƙarfe kaza da minti kaza. Mu kuwa mota ba ta tashi sai ta cika. Fasinja yana tsayar da ita inda ya ga dama, ya sauka bakin gonarsa. Wani layin ba ya aiki sai ranar kasuwa. Wani ƙauyen kuma babu motar da ke zuwa, sai kabu-kabu daga bakin titi.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan tsari ba, kuma an riga an gwada zana shi. A Nairobi ta Kenya, ɗaliban Jami'ar Nairobi tare da abokan aiki daga jami'o'in Amurka sun hau ƙananan bas-bas da ake kira matatu da waya a hannu, suna ɗaukar sawun kowane layi, suka fitar da taswirarsu a 2014. A Accra ta Ghana an yi irin wannan da motocin tro-tro, aka zuba layukan cikin OpenStreetMap a 2017. Abin da ayyukan biyu suka nuna shi ne motocin da ake ɗauka ba su da tsari suna da tsarinsu, a kan direbobi da 'yan kamasho yake, ba a takarda ba.

To a Tambuwal da Kebbe me ya kamata a sa? A fara da abin da ba ya motsi. Tashar mota, da sunan da aka san ta da shi. Wuraren da motoci ke lodi a bakin titi kullum, ko da babu rumfa. Inuwar da 'yan kabu-kabu ke taruwa a mararraba, domin ga baƙon da ya sauka daga motar Sakkwato yana neman shiga ƙauye, wannan inuwar ita ce tasha. Kasuwa, tare da ranar da take ci, akwai gurbin rubuta ranar. Bakin gulbi inda kwale-kwale ke ɗaukar mutane. Bayan waɗannan sai a zo kan layukan kansu: daga ina mota ke tashi, ta ina take bi, ina take ƙarewa. Tsarin yana da ajin ƙaramar bas da na motar haya da ake cikawa da fasinjoji daban-daban, yana kuma da yadda ake nuna cewa ana tsayar da mota ko'ina a kan hanya. Abin da nake roƙo shi ne kada a cike gurbin lokaci da ƙarya don kawai an ga gurbi. In mota ba ta da ƙarfen tashi, a rubuta a bayani cewa sai ta cika, ko ranar kasuwa kawai take zuwa. Kuma kafin a zana layin tasha, a je a gaida shugabannin ƙungiyar direbobi, a gaya musu abin da ake yi, a tambaye su. Sun fi kowa sanin layin da ke raye da wanda ya mutu tun bara.

Dole in yi maganar tsaro, domin wasu sassan kudancin jihar Sakkwato suna fama da rashin tsaro. Taswirar nan a buɗe take, mai kirki da mugu duk suna iya gani. Kada kowa ya shiga daji ko hanyar da ake tsoro don ɗaukar sawu. Abin da ka riga ka sani ya isa. Kada a sa sunan mai gida a kan gida, ko lambar wayar wani, ko wurin da jami'an tsaro da 'yan sa kai suke tsayawa, ko inda mutane ke fakewa. Hanyar jama'a, gada, mashigi, tasha, kasuwa, makaranta da asibiti, waɗannan su ne aikin. In kana shakkar wani abu, ka tambayi mai unguwa ko hakimi kafin ka sa.

Ga matasanmu masu waya, ɗalibai da malaman makaranta da ma'aikatan rigakafi da suka san kowane lungu: farawa ba wuya. Akwai manhaja ta Android mai suna StreetComplete da ke yi maka tambaya a inda kake tsaye, ta ce wannan hanyar me ke kanta, ta nuna hotuna ka zaɓa. Wanda ba ya son gyara da kansa yana iya barin saƙo a daidai wurin a kan taswira, ya ce wannan ba hanyar gona ba ce, ta ƙauye kaza ce, ko nan babu gada, mashigi ne. Mai zane zai gani ya gyara. Dattijon da ba ya taɓa waya, ko direban da ya shekara ashirin yana bin layi ɗaya, ya zauna da ɗansa ko ƙaninsa a buɗe taswirar, a bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, shi yana faɗa, yaro yana rubutawa.

In ka gyara abu, tsarin zai nemi ka rubuta dalili a taƙaice. Ka rubuta, ka ce kai ɗan yankin ne, da idonka ka gani. Wannan shi ke hana wani daga nesa ya zo ya mayar da gyaranka baya saboda hotonsa ya nuna masa wani abu dabam. In ya mayar, kada ku yi ta ja-in-ja, kai ka sa shi ya cire. Akwai wurin yi masa magana a ƙarƙashin gyaran nasa. Ka yi masa bayani cikin ladabi, ka ambaci ƙa'idar Highway Tag Africa. Sannan ka sa ranar da ka duba wurin, akwai gurbinta, domin kwalbatin da ke tsaye a watan Mayu ruwan Agusta yana iya tafiya da shi, kuma wanda zai bi hanyar a watan Oktoba yana buƙatar sanin yaushe aka gani.